Fuskata a Allon Mai Magani

Ku matsa can ku ba ni wuri in miƙe ƙafa. Kai mai wayar nan, sauke ta, ni ba a ɗaukata hoto. Tun ɗazu nake jin ku kuna cewa wai rubutun allo ba aiki ba ne, wai a kwamfuta kafin shayi ya huce an buga bana, wato tallar nan ta leda, ta fito tana sheƙi. Gaskiya ne tana sheƙi. Ku bar ta a rana ta ci damina ɗaya, ku dawo ku ga yadda za ta koma tsumman goge mota. Ni Sabo mai fenti, akwai allon da na rubuta tun kafin a yaye wasunku, yana nan a bakin tasha, mai shagon ya mutu, shagon ya rushe, allon bai san an yi ba.

A hannun Oga Ɗanlami na koya, Allah ya jiƙansa, wani guntun mutum mai faɗan tsiya da yake zanen bayan manyan motoci a wata rumfa kusa da gada. Shekarar farko ban taɓa burushi ba sai don in wanke shi a kananzir. Aikina dama fenti a gwangwani, kankare tsatsa a jikin langa-langa, da riƙe tsani. Layi kuwa ba da rula ake ja ba. Zare ake shafa wa bula, mutum biyu su ja shi ya miƙe, a ɗaga tsakiyarsa a saki, ya mari allo, layi ya fito sarai. Ƙananan burushi Oga da kansa yake ɗaure su da gashin wutsiyar akuya, don ya ce na kanti ba su da kunya, suna zubar da gashi a tsakiyar harafi. In ka karkatar da harafi ba zai ce maka komai ba, sai dai ka ji sandar awo a ƙeyarka. Har yau in na ga rubutu a karkace ƙeyata takan yi ƙaiƙayi.

Turancin da na iya a duniya bai cika cokali ba, amma akwai kalmomi biyu da na rubuta har hannuna ya haddace su: BEFORE da AFTER, waɗanda a bakinmu muke cewa bifo da afta. Wato yadda mutum yake kafin ya sha magani, da yadda ya koma bayan ya sha. Da su na ci abinci, da su na yi aure, da su na rufa ɗaki. Ku kuna ganin kalmomi biyu ne kawai, a liƙa hoto nan a liƙa can. To akwai dokokinsu, kuma kowace doka sai da wani ya sha wuya kafin a kafa ta.

Wani mai sayar da maganin dabbobi a kara, wato kasuwar shanu, shi ne ya koya mana ta farko. Ya ce a yi masa allo, ramammen sa a gefe ɗaya, ƙosasshe a ɗaya gefen. Oga ya zana mai rama a hagu ya rubuta bifo, ya zana mai ƙiba a dama ya rubuta afta, kamar yadda boko yake tafiya. Ran Juma'a, ranar kasuwa, aka kafa allo. Ba a sauko daga masallaci ba sai ga mai maganin a guje, gumi har cikin ido. Ashe mutanen ƙauye da Fulani, waɗanda karatunsu na allo ne, daga dama suke fara duba komai. Sun ga sa ƙosasshe, sun bi shi zuwa hagu sun tarar ya zama ƙashi da fata. Wani tsoho ya ce, “Wannan bawan Allah dai yana da gaskiya, ya nuna mana abin da maganinsa yake yi.” Ranar ko ƙulli ɗaya bai sayar ba. Oga ya ɗauki jan fenti ya je ya zabga ƙatuwar kibiya daga hagu zuwa dama. Daga nan ba mu sake yin bifo da afta babu kibiya ba.

A kan allon nan dai muka koyi ta biyu. Da aka sa kibiya sai wani Bafillatani ya tsaya, ya jingina da sandarsa, ya daɗe yana kallo, ya ce ai wannan ba sa ɗaya ba ne. Na hagu ƙahonsa ya buɗe, na dama ya lanƙwaso ciki, maganin ƙiba kuwa ba ya lanƙwasa ƙaho. Haka muka sauke allo muka gyara ƙaho. Dole na bifo ya zama shi ne na afta, a bar masa wata alama da mai kallo zai ce lalle shi ne.

Ta uku ita ce babba, ita ce kuma ta kawo ni ga labarin da nake son ku ji. Oga ya taɓa zana allon mai cire haƙori, ya rasa fuskar da zai sa, sai ya ari ta wani mahauci da yake wucewa kullum, ya kumbura masa kumatu. Mahaucin ya gane kansa. Ya biyo Oga da wuƙar fawa tun daga gada har bakin kogi, sai da masunta suka shiga tsakani. Tun daga ranar Oga ya rataye wani fasasshen madubin mota a rumfa. In aka kawo aikin bifo, sai ya dubi madubi ya zana kansa. Ya ce mini, “Sabo, kada ka kuskura ka sa fuskar ɗan gari a bifo. Sa taka. Fuskarka ce kaɗai ba ta da dangin da za su kai ka ƙara.”

Da Oga ya rasu na gaji rumfar, na gaji madubin. Kuma in gaya muku gaskiya, Allah ya yi mini fuskar aikin. Doguwa ce, ba nama, ga kunnuwa fatan-fatan kamar faifai biyu. Ba na ko neman alama, kunnuwan sun isa. In na sa su a hagu na sa su a dama, ko makaho ya shafa ya san mutum ɗaya ne. Masu magani suka yi mini caa. Na yi sanƙo a allon mai man gashi. Na yi ciwon haƙori. Na yi shawara, idanuna rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Na yi basir, ina zaune a gefen kujera da ɗuwawu ɗaya, fuska a yamutse. Na yi ƙaton ciki, na yi kumburin ƙafa, na yi ƙuraje. Babu cutar da ban yi ba a garin nan in ban da naƙuda, ita ma don ba a kawo aikin ba ne.

A shekarun nan na lura mutanen Wudil da kewaye suna da kirki ƙwarai. In na shiga kasuwa, mutumin da ban taɓa gani ba zai tsaya ya ba ni hannu, ya karkatar da kai ya ce, “Malam Sabo, ya jikin?” In ce da sauƙi, alhamdu lillahi, don na ɗauka gaisuwa ce. Wata rana wasu mata daga Ɗankaza suka tsaya a gaban rumfata, suka ƙare mini kallo, ɗaya ta ce wa ɗaya, “Ikon Allah, ga shi kuwa garau,” suka wuce. Har wata tsohuwa ta taɓa kawo mini ƙwan zabi ta ce in ƙara jini. Na soya na cinye, na ce duniya da sauran mutanen arziki.

Allon da ya fi kowanne kyau a cikin waɗanda na yi shi ne na Malam Iro mai maganin gargajiya, wani ƙato mai zaƙin baki da yake da rumfa a inda motocin Darki suke sauke fasinja. Maganin farfaɗiya ya ce in yi masa. Ya kawo langa-langa sabo fil, na shafe shi da fari sau biyu, na bar shi ya sha rana. A hagu na kwantar da kaina a ƙasa, hula ta faɗi gefe, idanu sun juye, yatsu sun ƙage. Kumfar bakin nan da farin fenti na yi ta, na ɗiga ɗan toka-toka a ƙarƙashi, har ƙuda yakan sauka a kai ya tashi da haushi. A dama na tsayar da kaina cikin shuɗiyar babbar riga, na ƙara wa kumatuna naman da ban taɓa samu ba a zahiri. Na ja jar kibiya. Da aka kafa shi na koma tsallaken titi na tsaya ina kallo, ni kaina sai da na tausaya wa mutumin da yake ƙasa. Allon nan ya yi shekara da shekaru a wurin. Jan fenti shi ne yake fara koɗewa, don haka kibiyar ta ɓace, amma ni ina nan kwance.

'Ya ɗaya Allah ya bar mini, Bilki. Sauran sun koma tun suna ƙanana. Ta yi sakandare, ta koyi ɗinki, kuma ta gado bakina, wato ba ta barin ta kwana. Wani malamin firamare daga Darki, Nafi'u, ya zo in rubuta masa allon makarantarsu, ya tarar ta kawo mini abincin rana. Allon da zan gama a kwana biyu sai da yaron nan ya yi ta zarya a kansa har na fara zargin yana goge haruffan da dare. Ta ce tana so, ya ce yana so, ni ma na ga yaro ne mai hankali. Manyansa suka kawo gaisuwa, muka karɓa. Ya rage a zo a sa rana.

Sai shiru. Wata ya fita, wani ya shiga. Nafi'u ya rage zuwa, in ya zo kuma ba ya iya haɗa ido da ni. Bilki ta daina waƙa a kan keken ɗinki. Na san an yi bincike, don ba a aure sai dangin miji sun bi asalin yarinya, shi ma an bi nasa, amma ban damu ba. Mu talakawa ne, amma babu ɓarawo a gidanmu, babu mashayi.

Wata Asabar da hantsi ina cikin rubuta allon wani mai kanti, sai ga wani dattijo siriri da farin gemu ya yi sallama. Kawu Ɗan'azumi ne, wan uban Nafi'u, shi ne babba a gidansu, maganarsa ita ce magana. Na shimfiɗa tabarma, na aika aka kawo ruwa. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya damina, ya kasuwa, ya mutanen Darki, ya aka ji da zafi. Sannan ya karkatar da kai ya ce, “To, ya jikin naka?”

Na ce, “Da sauƙi, Kawu.”

Ya ce, “Madalla. Yana dai tashi lokaci-lokaci, ko ya kwanta gaba ɗaya?”

Na ajiye burushi. Na ce, “Me ke tashi?”

Ya ce, “Malam Sabo, ni ba yaro ba ne, kuma ban zo in ci maka fuska ba. Cuta ba mutum yake saye ba. Amma mu a gidanmu ba mu da ita, kuma ana cewa tana bin jini. Duk Juma'ar duniya in na sauka daga mota kai nake fara gani a ƙasa kana kumfa.”

Dariya ta ƙwace mini. Na ce, “Haba Kawu, ai zane ne. Ni na zana da hannuna.”

Ya ce, “Zane ne, amma kunnuwan wa?”

Na yi masa bayanin Oga, da mahauci, da madubi, har na ciro madubin na nuna masa. Na ce kuma ai daga hagu ake farawa, mutumin ya faɗi ne sannan ya miƙe. Ya saurare ni tsaf, ya ce, “Ka fara ta dama, ka fara ta hagu, faɗuwa dai tana ciki. Kuma ba allon kaɗai ba ne. Matar ƙanena ta kai ɗan maƙwabciyarta wurin mai maganin. Da bakinsa ya ce mata na jikin allon Sabo mai fenti ne, tun yana saurayi yake faɗuwa, shi ya warkar da shi, in ba ta yarda ba ta je kusa da gada ta gan shi yana aikinsa lafiya lau. Ba ita kaɗai ya gaya wa ba.”

A nan ne ƙwan zabin nan ya dawo mini. Duk gaisuwar da nake amsawa ina cewa da sauƙi, ashe shaida nake ba Malam Iro kyauta. Kawu ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce za su yi shawara a gida. Kun dai san ma'anar shawara.

Bari in faɗi wani abu, kada ku fita ku ce Sabo yana yi wa masu farfaɗiya dariya. Cuta ce kamar kowace, asibiti suna da ƙwayoyinta, na san mutane da suke sha suna noma suna aure suna haihuwa. Amma je ka gaya wa dattijon ƙauye haka a kan auren ɗansa. Da ina da ita da na tsaya na yi gardama a kan haka. Ni kuwa ba ni da ita, sayar da ni aka yi.

Da yamma na gaya wa Bilki da uwarta. Uwar ta fara salati tana tafa hannu. Bilki ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ci gaba da warware wani ɗinki, can ta ce, “Baba, Ogan nan naka da ya ce fuska ba ta da dangi, yana da 'ya?”

Oga Ɗanlami bai taɓa haihuwa ba. Ban taɓa haɗa abin ba sai a ranar. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na kasa cin tuwo.

Washegari na sami Malam Iro yana jera kwalabe. Na ce ya sauke allon, kuma ya bi ni Darki ya gaya wa Kawu ƙarya ya yi. Ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. Ya ce, “Sabo, allo nawa ne, na biya. Kuma wane sharri na yi maka? Cewa na yi ka warke. Wasu ma addu'a suke a ce sun warke.”

Na ce, “Auren 'yata zai lalace.”

Ya ce, “Allah ya kawo wani. Mazaje sun ƙare ne?”

Na dube shi, na ce, “Shi ke nan. Mu haɗu ran Juma'a.”

Ran Juma'a da kasuwa ta cika, motocin Darki da na Dagumawa suna ta juye mutane, Malam Iro ya hau kan benci da lasifika yana zuba. Na zo da tabarmata na shimfiɗa daidai ƙarƙashin allon. Na zauna. Na cire hulata na ajiye a gefe, daidai inda take a zanen. Mutane suka fara taruwa, suna duban allo suna dubana. Malam Iro ya ga kasuwa ta zo masa har gida, ya ɗaga murya ya ce, “Ga shi nan da kansa, jama'a, ku tambaye shi.” Ni kuwa na zaro guntun sabulu daga aljihu, na nuna masa shi a tafin hannu yadda shi kaɗai zai gani, na kai baki.

Lasifikar ta yi shiru. Ya sauko ya durƙusa kusa da ni kamar mai gaisuwa, ya ce ƙasa-ƙasa, “Me za ka yi?”

Na ce, “Faɗuwa zan yi. Zan yi birgima, zan yi kumfa, kuma in na farfaɗo zan ce shekara da shekaru ina shan maganinka.”

Ya ce, “Kai mahaukaci ne? Ai ka ƙarasa kashe auren 'yar taka.”

Na ce, “Wanda ka riga ka kashe? In zan sha kunya, tare za mu sha.” Na ɗan karkata gefe ɗaya, na fara juya ido. Sabulun nan ɗaci gare shi kamar maɗaci, har yau ina jin sa.

Ya riƙe kafaɗata da hannu biyu. Ya ce, “Tofar, don girman Allah tofar. Gobe da safe mu tafi.”

A bayan babur ɗinsa muka je Darki, ni a baya ina riƙe da tumbinsa. Kawu Ɗan'azumi ya karɓe mu a zaure, ya tara ƙannensa, Nafi'u yana rakuɓe a bakin ƙofa. Malam Iro ya sunkuyar da kai ya ce ko saiwa ɗaya bai taɓa ba ni ba, bai taɓa ganin na faɗi ba, kasuwa ce kawai. Na ce a raina an gama. Kawu ya shafa gemu ya ce, “Da ka ce ka warkar da shi. Yanzu ka ce ba ka taɓa ba shi komai ba. Wanne zan ɗauka, na da ko na yanzu? Mai yiwuwa abokinka ne, ya roƙe ka.”

Malam Iro ya ce a kawo Alƙur'ani. Kawu ya ce a'a, ba ya son alhakin rantsuwar ɗan kasuwa. Ya juyo gare ni ya ce, “Allo ne ya faɗa, allo zai janye. Ka ce burushinka yana iya ɗora cuta a kan mai lafiya. To ga mai lafiya nan, ƙato guda. Kwantar da shi a inda kake kwance. In na sauka ran Juma'a na gan shi a ƙasa yana kumfa, na yarda zane ne.”

Malam Iro ya zabura ya ce, “Kawu, ina da 'ya'ya mata a gida.”

Kawu ya ce, “Shi Sabo 'ya ɗaya gare shi, ba ta hana ka ba.”

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba, ba zan ɓoye muku ba. Na sa shi ya zauna a kan turmi a gabana, na kankare kaina daga langa-langa, na kwantar da shi. Tumbin nan na ba shi haƙƙinsa. Wushiryarsa na fito da ita ta cikin kumfa. Har zoben azurfar da yake sawa a ɗan yatsa ban manta ba. Yana zaune yana cewa, “Rage cikin mana, Sabo,” ina cewa doka ce, dole mai kallo ya gane shi ne.

Juma'a ta zo. Na tsaya a tsallaken titi ina jira. In tsohon nan ya sake kawo wani zance ban san abin da zan gaya wa Bilki ba. Motar Darki ta tsaya. Kawu ya sauko a hankali, ya tako har gaban allon, ya sa hannu a goshi yana kare rana. Ya duba dama, ya duba hagu. Ya dubi Malam Iro da yake ɓoye fuska a bayan kwalabe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi dariya har sai da ya dafa sandarsa ya zauna a bakin kwalbati. Da ya huce ya ƙyalla ido ya gan ni, ya yafito ni, ya zaro goro ɗaya fari daga aljihu ya fasa, ya ba ni rabi. Ya ce, “Jibi muna tafe sa rana. Ka ce wa uwar yarinya ta dama fura da yawa.”

Da kasuwa ta watse, kafin magariba, na hau tsani na shafe fuskar Malam Iro. 'Ya'yansa ba su yi mini komai ba. Na juyar da kan mutumin ya kalli bango, ƙeya kawai ake gani. Sannan na ɗauki gwangwanin fenti na bi gari, duk inda nake, da sanƙo ko da basir ko da kumburin kumatu, na juyar da kaina ko na shafe. Bilki ce ta sa sharaɗin, ta ce ba za ta shiga ɗakin miji ba alhali ubanta yana zaune da ɗuwawu ɗaya a bakin asibiti.

Nan ne shekarar wahala ta fara. Masu magani suka ce ƙeya ba ta sayar da magani, mutane fuska suke son gani tana shan wuya. Malam Iro ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce ni ɗan tsiya ne mai cin sabulu. Ga shi a daidai lokacin ne injin buga bana ya shigo gari, ana ciro hoton wani Bature ko Ba'indiye a kwamfuta a liƙa, na hagu daban na dama daban, babu mai tambayar ƙaho. Na koma rubuta lambar gida, da sunan makaranta a bango, da “Ba a fitsari a nan.” Wannan na ƙarshen na rubuta shi har na gaji, kuma ko sau ɗaya ban ga ya yi aiki ba. Uwar Bilki ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida, da shi muka fita shekarar. Ana cikin haka wani mai cire haƙori ya zo daga Kano ya ce ya ji labarin fuskata, in yi masa allo ɗaya kawai, zai biya yadda nake so. A ranar ko garin tuwo babu a gidan. Na dubi madubin Oga, na ce masa an daina sayar da ita.

Yanzu ga ni kuna gani. Sanƙon ya zo da kansa, haƙoran sun zube ba tare da mai cirewa ba, basir ɗin ma kada mu yi maganarsa a gaban yara. Kawu Ɗan'azumi kafin ya rasu ya taɓa ƙare mini kallo a wurin wani suna, ya ce, “Sabo, ashe ba ƙarya ka zana ba, gaggawa ka yi.”

Ɗan Bilki na fari sunana aka sa masa, muna ce masa Baffa. In kun gan shi ba sai an gaya muku ba, ni ne kamar an tsaga kara, doguwar fuskar, da kunnuwan nan guda biyu ba a rage ko kaɗan ba. Ran Juma'ar da ta wuce ya sauka daga motar Darki, a daidai inda allon yake a da, ya zo muka ratsa kasuwa tare tun daga tasha har kara, yana riƙe mini gwangwanin fenti. Mutane suka yi ta tsayar da mu ana gaisawa, ya makaranta, ya mutanen gida, ya babarka. Ina tafe ina kasa kunne. Babu wanda ya ce masa ya jiki.